Halartar Taron Almara a Matsayin Marubuci: Daga Cike Fom Zuwa Kwashe Tebur

Kafin in biya kuɗin rajistar kowane taron labaran almara, abin da nakan fara dubawa shi ne su wa ke shirya shi, domin daga nan ake gane matsayin da marubuci zai samu a ciki. Akwai tarukan da masu karatu da kansu suke shiryawa, tun daga shugaban kwamiti har mai tsaron ƙofa duk 'yan sa kai ne. Kakansu shi ne Worldcon, wanda aka fara a New York a 1939, kuma a nan ake ba da lambar yabo ta Hugo. Duk shekara yana sauya gari: Dublin a 2019, Chengdu a 2023, Glasgow a 2024, Seattle a 2025. Akwai World Fantasy Convention da aka fara a Providence a 1975. Shi ƙarami ne da gangan, ana ƙayyade yawan masu shiga, kuma yawancinsu marubuta ne da editoci da wakilan marubuta (masu nema wa marubuci kamfanin da zai buga littafinsa) da masu zane. Sai kuma manyan taruka masu kama da biki irin Dragon Con na birnin Atlanta, wanda ake yi tun 1987, inda dubun-dubatar mutane ke cika otal-otal da kayan kwaikwayon jarumai, littafi kuwa ɓangare ɗaya ne kawai cikin finafinai da wasanni. A Birtaniya akwai FantasyCon da Eastercon, masu matsakaicin girma.

Wanda ke neman edita ko wakili, ƙaramin taro na ma'abota sana'a ya fi masa amfani. Wanda ke da littattafai uku ko huɗu a hannu yana son masu saye, ya nufi babban taro mai cunkoso. Yawancin masu dawowa da ɓacin rai ba taron ne ya lalace ba, sun je taron da bai dace da buƙatarsu ba ne.

A sani tun da wuri, a tarukan 'yan sa kai ba tikiti ake saye ba, rajistar zama mamba ake yi, kuma marubucin da zai zauna a teburin tattaunawa ya yi magana shi ma biya yake yi kamar kowa. Manyan baƙi na musamman, mutum uku zuwa biyar, su kaɗai ake ɗauke wa kuɗin jirgi da masauki. Wasu tarukan kan rage wa masu magana kuɗin rajista ko su mayar musu bayan an tashi idan kuɗi ya ragu, amma ba abin dogaro ba ne. Kuɗin rajistar kuma hawa yake yi mataki-mataki yayin da ranar ke matsowa. Da sanyin safiya ake kama fara.

Ainihin aikin yana farawa wata shida zuwa tara kafin taro, lokacin da kwamitin tsara shirye-shirye ya buɗe fom na masu son shiga cikin masu magana. Wannan fom ɗin shi ke yanke yadda kwanakinka za su kasance, amma shi ne mutane suka fi cikewa da gaggawa. Mai karanta shi ɗan sa kai ne da ke da ɗaruruwan sunaye a gabansa da ramukan jadawali da yake son cikewa. Idan ka rubuta "ina sha'awar duk abin da ya shafi almara", ba ka ba shi komai ba. Ka gaya masa abin da ka sani wanda wasu ba su sani ba: ka taɓa aikin jinya, ka iya hawan doki, ka karanta tarihin cinikin gishiri, kana fassara, ka san yadda ake ƙera takobi. Kwamitoci na da tarin masu iya magana kan "yadda ake gina jarumi". Wanda ya san kwana nawa rauni ke ɗauka kafin ya ruɓe, shi ake nema ruwa a jallo.

Fom ɗin yakan ba da damar kawo shawarar maudu'i. Maudu'in da ake ɗauka shi ne mai ɗauke da gardama a cikinsa. "Tsafi a labaran almara" ba maudu'i ba ne, kan magana ne kawai. Amma "idan matsafi na iya mayar da dalma zinariya, me ya hana kuɗin masarautar rushewa?" tambaya ce da mutum huɗu za su yi awa guda suna ja a kai. Haka "me rundunar mayaƙa dubu goma take ci a hanya, kuma wa ke ɗauke da shi?" Nakan aika uku, kowanne da bayani na jimla biyu ko uku. Akwatin da ke tambaya ko za ka yarda ka jagoranci zama, ka sa masa alama idan har za ka iya. Masu jagoranci kullum ƙaranci suke yi, kuma ta wannan ƙofa sabon marubuci ya fi saurin shiga jadawali.

Za a nemi taƙaitaccen tarihinka, kalma 50 zuwa 100, a rubuce kamar wani ne ke ba da labarinka. Sunan littafi na baya-bayan nan, kamfanin da ya buga, da abu ɗaya da zai sa a tuna ka. Za a kuma tambayi lokutan da ba za ka samu dama ba. Rubuta gaskiya, ka haɗa da lokacin sauka daga jirgi da na tafiya filin jirgi ranar komawa. Daftarin jadawali yakan iso wata ɗaya ko biyu kafin taro, kuma ana jiran amsarka cikin 'yan kwanaki. A nan ake ƙin abin da ba a iya ba. Idan an sa ka a zaman da ba ka da abin cewa a kai, ka nemi a cire ka tun yanzu. A daftari gyara ne na minti ɗaya, bayan an buga littafin shirye-shirye kuwa ya zama matsala. Abu biyu ko uku a rana ya isa. Kada ka yarda da zama biyu a jere idan ɗakunan ba a gini ɗaya suke ba, domin minti goma da ke tsakani ba ya isa a tsallaka titi a jira lif.

Masauki a kama shi ranar da aka buɗe ɗakunan da taron ya keɓe a farashi mai rangwame. A manyan taruka sukan ƙare cikin awoyi. Zama a otal ɗin taron ya fi tsada, amma yana ba ka wurin ajiye kwalin littattafai da wurin kwanciya na rabin awa da rana, kuma rabin amfanin taro a falon wannan otal ɗin yake faruwa bayan an tashi daga zama. Raba ɗaki da wani marubuci al'ada ce, babu kunya a ciki.

Mai tsallaka iyaka yana da ƙarin aiki. Kwamitoci da yawa na ba da takardar gayyata don neman biza idan an tambaya, amma sai an yi rajista, kuma jiran ranar ganawa a ofishin jakadanci na iya cin watanni. Sai wani abu da ake yawan mantawa: bizar ziyara a ƙasashe da dama, har da Amurka, ba ta ba mutum izinin zama a tebur yana sayar da kaya yana karɓar kuɗi. Jami'in shige da fice da ya ga akwati cike da littafi iri ɗaya zai yi tambaya. Mafita ita ce a ba wani mai kantin littattafai da ke da tebur a taron ya sayar maka a kan la'ada. Rabon da aka saba shi ne kashi 60 na marubuci, 40 na mai kanti. A rubuta a takarda kwafi nawa aka ba shi, farashin kowanne, da ranar da za a yi lissafi, kowa ya sa hannu ya riƙe tasa.

Littafi nauyi ne da shi. Mai bango mai laushi na shafi 350 yakan kai kusan rabin kilo, jaka kuwa a yawancin jiragen ƙasa da ƙasa kilo 23 ce iyakarta. Cire nauyin akwatin kansa, abin da zai shiga bai wuce kwafi 35 zuwa 40 ba, ba tare da ko riga ɗaya ba. Wanda ke buga littafinsa ta KDP ko IngramSpark, wato hanyoyin intanet da ake buga littafi gwargwadon kwafin da aka nema, zai iya sa a buga a ƙasar da ake taron a aika otal kai tsaye, amma ya ba da oda aƙalla mako uku ko huɗu kafin rana, ya kuma tambayi otal ko suna cajin kuɗin karɓar kwali da ajiyarsa, domin da yawa suna yi. A ganina, sabon marubuci da ba shi da tebur na kansa, kwafi goma zuwa sha biyar sun ishe shi. Mai jerin littattafai ya ninka yawan na farko a kan sauran, tun da baƙo da na farko yake farawa.

Ranar isowa, bayan karɓar katin wuya a teburin rajista, akwai wani tebur dabam na masu magana. A can ake ba da jadawalin ƙarshe da kati mai tsayuwa da ke ɗauke da sunanka, wanda za ka ajiye a gabanka a kowane zama. Gwada wannan jadawali da wanda ke wayarka, domin ɗakuna na canjawa har daren ƙarshe. Daga nan nakan bi ɗakunan da aka sa ni ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, in ga inda suke da girmansu, in kuma gano ɗakin jira na masu magana. Katin wuya yana da halin juyawa ya ɓoye suna. Rubuta sunanka a bayansa da babban alƙalami.

Zaman tattaunawa shi ne inda marubuci ke samun masu karatu, fiye da tebur, fiye da talla. Tsarinsa kusan ɗaya ne ko'ina: mutum huɗu ko biyar a bayan dogon tebur, ɗayansu jagora. A jadawali awa ɗaya ce, amma ana tsayawa a minti na 50 don a fita wasu su shigo. Wani ɗan sa kai zai ɗaga kwali daga bayan ɗaki idan saura minti biyar, ya sake ɗaga wani idan lokaci ya cika. Ana haɗuwa a ɗakin jira minti goma sha biyar kafin a fara, a gaisa, a tambayi yadda ake furta sunan kowa, jagora ya faɗi tambayar da zai buɗe da ita.

Shirin da nakan yi wa kowane zama kati ɗaya ne. A gefe ɗaya maki uku da nake son faɗa ko da me aka tambaya, a ɗaya gefen sunayen littattafai biyar na wasu marubuta da suka shafi maudu'in. Masu sauraro suna zuwa da biro a hannu, kuma abin da suka fi rubutawa shi ne sunan littafin da ba su taɓa ji ba. Mutumin da ya ba su suna uku masu kyau, shi za su nema a zauren sayar da littattafai daga baya. Wanda kuwa duk tambayar da aka yi sai ya ce "to, a cikin littafina", kafin minti ashirin ɗaki ya gaji da shi. Gabatar da kai daƙiƙa talatin ne: suna, littafi ɗaya a ɗaga a nuna bango, da dalilin da ya sa kake wannan teburin. Littafi ɗaya a tsaye a gabanka ya isa. Wasu kan jera guda takwas har su tare fuskar maƙwabcinsu, kuma kowa a ɗakin ya san abin da hakan ke nufi.

Yi amfani da makirufo ko da kana ganin muryarka na da ƙarfi. Akwai masu matsalar ji a kowane ɗaki, wasu na'urar kunnensu da makirufon take haɗe, kuma idan ana watsa zaman ta intanet, duk abin da bai bi ta cikinsa ba ya ɓata. Riƙe shi kusa da baki, tazarar yatsu huɗu, kuma idan ka juya ka kalli abokin zama ka juya da shi. Amsa ta tsaya a minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Saɓani cikin ladabi shi ke raya zama. Mutum huɗu da ke gyaɗa wa juna kai na sa barci. Idan ba ka yarda da abin da babban marubucin da ke gefenka ya faɗa ba, ka faɗi dalilinka, yawancinsu daɗin hakan suke ji.

Jagorancin zama lissafi ne. Daga minti 50, cire biyar na gabatarwa, goma zuwa sha biyar na tambayoyin jama'a, biyu na rufewa. Saura kamar talatin. Tambaya ɗaya da mutum huɗu za su amsa tana cin minti shida zuwa takwas, wato tambaya huɗu ko biyar kawai za a samu. Duk da haka ka shirya goma, domin wata tambayar takan mutu a jimla ɗaya. Aika musu imel mako ɗaya kafin taro da jerin tambayoyin. Kada kowace tambaya ta bi layi daga hagu zuwa dama, na ƙarshe zai riƙa tarar an cinye masa magana. Matsala biyu ce ke kashe zama. Ta farko mai cinye lokaci a tebur. Maganinsa a jira ya ja numfashi, a gode masa da suna, nan take a jefa tambaya ga wanda ya fi yin shiru, shi ma da suna. Ta biyu mai sauraro da ya tashi da sunan tambaya ya fara lacca. Tun kafin a buɗe fili ka sanar cewa tambaya jimla ɗaya ce ko biyu, kuma idan ya zarce ka tambaye shi, "Mene ne tambayar?" Kowace tambaya ka maimaita ta a makirufo kafin a amsa. Jagora ba ya amsa tambayoyinsa sai in da gaske akwai gurbi.

Karatu a gaban jama'a yakan zo da minti 20 ko 30, wani lokaci a haɗa marubuta uku a awa ɗaya. Mutum na karanta kamar kalma 140 zuwa 150 a minti idan yana so a fahimce shi. A ramin minti 20, karatun kansa kada ya wuce 12 zuwa 14, wato kalma 1,800 ko ƙasa, sauran na gabatarwa ne da tambayoyi. Gwada da agogo, da murya a fili, aƙalla sau biyu, domin karatun zuci ya ninka na baki sauri. Zaɓi wuri mai mutum biyu ko uku da ke son abu ɗaya, mai magana da motsi, wanda jimla biyu za su isa a matsayin shimfiɗa. Babin da ke bayanin tarihin masarauta da jerin sarakunanta yana aiki a takarda, a kunne kuwa sunaye baƙi fiye da huɗu sai su cakuɗe. Babu laifi a gyara rubutun don karatu: a cire sakin layi, a ƙara "in ji wane" inda ido kan gane mai magana amma kunne ba zai gane ba. Buga shi da manyan haruffa, lamba 14 ko 16, layi a wawware, fuska ɗaya ta takarda, ba a maƙale ba, don ka riƙa zame shafi gefe maimakon juyawa. Tsaya a inda mai sauraro ke son jin abin da ya biyo baya. Idan labarin bai fito ba tukuna, tambaya ko ana naɗar zaman, domin wasu mujallu na ɗaukar abin da aka riga aka sa a intanet a matsayin wanda aka buga.

Mutum uku za su iya zuwa karatun sabon marubuci, musamman idan an haɗa shi lokaci ɗaya da wani shahararre. A jawo kujeru kusa, a karanta musu kamar ɗaki cike yake. Akwai kuma abin da ake kira kaffeeklatsch, zaman shayi na mutum takwas zuwa goma da suka rubuta suna don su zauna da marubuci ɗaya na awa guda. Ba ya buƙatar shiri, sai dai ka tambayi kowa sunansa da abin da yake karantawa, hira ta ɗauki kanta.

Sa hannu a littattafai awa ɗaya ce a tebur, sau da yawa kusa da wanda layinsa ya kai ƙofa alhali naka babu kowa. Wannan ba abin damuwa ba ne; masu jira a layinsa suna kallon bangon littafinka. A World Fantasy Convention ma daren Juma'a ake tara duk marubuta a babban zaure ɗaya, kowa da katin sunansa. Kayan aiki: biro biyu masu tawada mai saurin bushewa, alƙalamin Sharpie don bango mai sheƙi, da ƙananan takardu masu manne. Duk wanda ya ce a rubuta masa suna, ba shi takardar ya rubuta da hannunsa, domin sunan da kake ganin ka san rubutunsa yana da siga uku. A shafin da ke ɗauke da sunan littafi ake sa hannu. Tambaya kafin ka rubuta sunan mutum, masu tara littattafai sau da yawa sa hannu kaɗai suke so. Kuma kada ya zama irin sa hannun da kake yi a banki. Hotonsa zai hau intanet kafin dare. Bayan nan zaga zauren masu sayarwa, duk kantin da ke da littafinka ka gabatar da kanka ka nemi izinin sa hannu a kwafin da ke wurinsu.

Kama tebur na kai a zauren masu sayarwa shawara ce da ke buƙatar fensir. Teburin yawanci ƙafa shida ne, da kujera biyu, ana nemansa watanni kafin taro. A jihohin Amurka da yawa sai an yanki izinin wucin gadi na karɓar harajin sayarwa. A ce ribarka a kowane kwafi dala 6 ce bayan cire kuɗin bugu, tebur kuma dala 150: kwafi 25 na farko kuɗin tebur kawai suka biya, ba a taɓa jirgi da otal da abinci ba. Mai littafi ɗaya da wuya ya fita. Mai huɗu ko biyar da zai iya haɗa su a farashi ɗaya shi ke da dama. Sannan tebur ɗaure mutum yake daga ƙarfe goma na safe zuwa shida na yamma, kuma dokar yawancin zauruka ba a barinsa babu kowa. Shi ya sa marubuta biyu ko uku kan haɗa kuɗi su kama ɗaya, su raba awoyi gwargwadon jadawalin kowa.

Idan an kama, a zo da kyallen rufe tebur mai kaiwa ƙasa don ya ɓoye kwalaye, da abin jingina littafi ya tsaya yana kallon mai wucewa, domin wanda ke kwance ba a ganinsa daga nesa. Farashi a rubuce ƙarara, kuma cikakken adadi, 15 ko 20, don kada canji ya zama aiki. Na'urar karɓar kuɗi da kati irin Square ko SumUp a gwada ta a cikin zauren kafin a buɗe ƙofa. Sabis ɗin waya yakan mutu idan mutane suka cika, don haka a san yadda take aiki ba tare da intanet ba, a kuma riƙe canji na takarda. Tsayuwa ta fi zama, waya kuma a aljihu. Mai wucewa da ya rage sauri, tambaye shi irin abin da yake karantawa, ba "ka sayi littafi" ba. Idan ya ɗauka ya juya baya yana karantawa, yi shiru har ya gama. Bayanin littafin ya zama jimla biyu da ka haddace: wane ne jarumin, me yake so, me zai rasa. Wanda bai saya ba ya tafi da kati mai hoton bango da adireshin shafinka.

Editoci da wakilai a falon otal da wurin shan abin sha ake samunsu da yamma. Ba sai mutum yana shan giya ba, da yawa kofin shayi ne ko ruwa a hannunsu. Ƙa'idar ita ce ba a tallata littafi sai an tambaya. Su sun san kai marubuci ne, katin wuyanka ya faɗa, kuma idan hira ta yi daɗi da kansu za su ce, "Me kake rubutawa yanzu?" A nan jimlolin nan biyu za su yi aiki. Idan aka ce ka aiko, tambayi ta wace hanya, ka rubuta a bayan katinsa nan take. Ba a miƙa wa kowa rubutu a takarda, ba a tare mutum a bayi ko yana cin abinci da wani; wannan cin abincin sau da yawa ganawar aiki ce. Mai wakili ko edita tuni, ya tsara ganawa da su ta imel mako uku kafin taro, domin jadawalinsu cika yake yi. Ni a wurina waɗanda suka fi amfani a tsawon shekaru su ne marubutan da ke mataki ɗaya da kai. Su ne za su gaya maka wace mujalla ce ke biya a kan lokaci, wane kamfani ne kwangilarsa ke da tarko, wa ke haɗa kundin gajerun labarai yana neman mutane. Kowane taro yana da dokokin ɗa'a a rubuce, da lambar waɗanda ake kai wa ƙara. Karanta su, kuma kada a ɗauki hoton mai kayan kwaikwayo sai da izininsa.

Tsofaffin mahalarta na da wata ƙa'ida da suke kira 5-2-1: aƙalla barcin awa biyar, cin abinci sau biyu, wanka sau ɗaya a kowace rana. Iskar otal busasshiya ce, ga magana a cikin hayaniya, murya kan dushe a rana ta uku, daidai lokacin da aka sa karatunka. Gorar ruwa da alewar maƙogwaro su zauna a jaka. Mura bayan taro kuwa ta zama ruwan dare har tana da suna a bakin mahalarta, don haka wanke hannu, kuma kada a sa wa'adin miƙa aiki a makon dawowa.

Ranar ƙarshe zauren masu sayarwa yakan rufe da wuri, don haka je wurin mai kantin da ka ba littattafai awa ɗaya kafin a fara kwashewa, a ƙirga abin da ya rage a gaban juna. Idan yana son ya riƙe sauran ya tafi da su wani taron, sabunta takardar. Cikin mako guda da dawowa aika saƙon godiya ga jagororin zaman da ka shiga da kwamitin shirye-shirye, su ne za su tsara jadawalin wata shekara, ka kuma aika duk rubutun da aka nema, da sunan taron a kan saƙon. Adana rasit ɗin komai, ka rubuta kwafi nawa aka sayar na kowane littafi don ka san nawa za ka ɗauko nan gaba. Kafin ka bar ginin kuma, leƙa teburin masu shirya taron baɗi. A Worldcon, mambobi ne ke zaɓar garin da za a je bayan shekara biyu, kuma kuɗin da ka biya don kaɗa wannan ƙuri'a yana zama rajistarka ta mamba a taron garin da ya ci zaɓen, wadda ke ba ka damar zaɓe a lambar Hugo ta shekarar. Sai dai ka ƙara kuɗin halarta idan za ka je da kanka.